Kyautar Kirsimeti Daga Madafin Uwargida, Ba Sai An Kai Buhu Kasuwa Ba

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗawa, an gama girbin dawa ana ta sussuka, lissafi ɗaya ne ke hana iyaye mata barci a gidajen Kiristoci da ke ƙauyukan kewayen Tsanyawa da Bichi har zuwa Roni. Ga ɗinkin yara, ga shinkafar ranar biki, ga ɗan abin da za a yanka, sannan ga abin da za a miƙa wa uwar miji da gidan fasto da maƙwabtan da suka aiko da tuwon salla da naman layya a lokacin nasu bikin. In aka tara duka, aka dubi abin da ke aljihun maigida, sai ido ya koma kan rumbu.

Nan matsalar take. Babu lokacin da amfanin gona ya fi arha kamar tsakanin Nuwamba da Janairu, domin a lokacin kowa yake fitarwa. 'Yan kasuwa su saya, su jibge a ɗakunan ajiya irin na Dawanau, su jira. Buhun geron da aka sayar don hidimar kwana biyu, shi gidan zai nema ido rufe a Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba. Kafin ma a kai can, makarantu na komawa a farkon Janairu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 39.84 cikin ɗari, mai saye ya ji a jikinsa. A kakar 2025 kuma abin ya juya, farashin hatsi ya faɗi alhali takin zamani bai sauko ba, sai ya zama mai sayarwa ne ke kuka. A yankin da gonaki ƙanana ne, an raba an sake rabawa tsakanin magada, buhu ɗaya ba abin wasa ba ne.

Wata mai karatu a birni za ta iya tambaya, ashe ana bikin Kirsimeti a ƙauyukan arewacin Kano? Ana yi, kuma da Hausa ake sujada, da Hausa ake waƙa. Yawancin waɗannan gidaje kakanninsu Maguzawa ne da suka karɓi addinin Kirista tun zamanin da mishan ɗin SIM ya buɗe makarantar yara maza a Roni, ta 'yan mata a Kabo, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. Daga wannan mishan ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Suna kiran kansu Masihiyawa. Gonarsu na maƙwabtaka da ta ɗan'uwansu Musulmi, rijiya ɗaya suke ɗiba, kasuwa ɗaya suke ci, sau da yawa ma kaka ɗaya ya haife su. Saboda haka abin da ke cikin wannan rubutu na uwargidan da ke shirin Kirsimeti ne, amma wadda ke jiran ƙaramar salla ko sunan ƙanwarta ma ta ajiye shi a waya, zai yi mata rana.

Abin lura shi ne, kayan da ake sayarwa da arha a buhu su ne suke yin daraja idan sun bi ta hannun mace. Tiyar gyaɗa in an kai ta kasuwa, kuɗinta ba zai sayi turmin atamfa ba, ko kusa. Amma tiyar nan in ta kwana biyu a madafi, za ta fita a matsayin kyautar gida uku ko huɗu.

Gyaɗa: mai, ƙuli da yaji daga tiya ɗaya

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Matsar hannu ba ta fitar da shi duka, amma abin da ya rage a cikin tunkuza shi ke sa ƙuli-ƙulin gida ya fi na kasuwa garɗi. Hanyar kowa ya san ta: a soya sama-sama a kasko har ɓawon ya fara saki, a murje, a sheƙe, a kai inji a markaɗa, a dawo a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. A tsiyaye man, a sa wa tunkuzar gishiri da ɗan barkono, a mulmula, a soya cikin man nata.

Inda kyauta ta bambanta da sana'a shi ne wajen fasali. Ƙulin da za ki aika gidan surukai kada ki yi shi dunƙule-dunƙule mai karya haƙori. Ki yi shi siriri, ko ki lanƙwasa shi kamar zobe, ki ɗan sa sukari da garin citta a kaso ɗaya saboda yara. Siririn ƙuli ya fi soyuwa har ciki, shi ya sa ya fi daɗewa bai yi warin mai ba. Waɗanda suka karye ko suka yi muni a ido kada ki damu da su, nasu aikin na gaba. Ki daka su da busasshen barkono, citta, kanumfari, masoro, ɗan kimba, gishiri da ɗunƙulen ɗanɗano, ki tankaɗe. Kin sami yajin ƙuli. A ganina duk cikin kyaututtukan da za a ambata a nan babu wanda ya kai shi shiga rai, domin ranar biki kowane gida na da nama ko da kaɗan ne, kuma bayan biki yajin nan zai bi ɗanwake da dafaffen rogo da kwaɗon zogale har wata guda. Man da kika tsiyaye kuma, in ya kwanta kin tace, ƙaramar kwalba ɗaya ta isa kyautar girmamawa ga tsohuwa.

Sai dai akwai wani abu game da gyaɗa da ya kamata a tsaya a kansa, don ba a cika faɗinsa ba. Akwai fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan fari ya same su a gona ko aka ajiye su da danshi, tana haifar da gubar da masana ke kira aflatoksin. Ba a ganin gubar da ido, kuma suya ko dahuwa irin ta gida ba ta kashe ta. Cinta a kai a kai na lalata hanta, yana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, kuma bincike ya danganta shi da tsumburewar yara. A gabashin Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Al'adar da ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu ita ce a kai mai kyau kasuwa, a bar tsintar da ta rage don ƙuli da miya. Wannan tsintar ita ce ta fi haɗari. Ki baza gyaɗarki a faifai da rana tsaka, ki zauna da yara ku tsince duk wadda ta motse, wadda ta yi baƙi ko kore-kore, wadda ƙwaro ya huda, da wadda in an tauna take da ɗaci. A zubar da su, kada ma a bai wa akuya mai shayarwa ko saniyar tatsa, domin gubar na bi ta nono. Aikin awa ɗaya ne, kuma shi ne rabin darajar kyautar, ko da wanda aka kai wa bai sani ba.

Wadda ba ta da ƙarfin matsar mai, ta soya gyaɗa da gishiri ko ta yi mai sukari ta cika kwalba. Amma a gaya wa uwar gidan da aka kai wa kada a bar yaron da bai kai shekara biyar ba ya riƙa watsa ƙwayar a baki, tana sarƙe su.

Kantun riɗi

Riɗi na daga cikin abin da motoci ke kwasa daga Dawanau zuwa tashar jirgin ruwa, a kai shi Japan da Turkiyya da Sin. Gwangwani biyu da kika ɗebe kafin a ɗinke buhu sun isa ki cika faranti da kantu.

Wahalar riɗi yashi ne. Ki wanke, ki rege shi sau biyu ko uku a ƙwarya, ki ɗan surfa a turmi a hankali don dusar ta fita ɗacin ya ragu, ki sake wankewa ki shanya. Iskar hunturu za ta busar miki da shi kafin la'asar. Ki soya a busasshen kasko da wuta kaɗan har ya fara tsalle yana ƙamshi. A wata tukunyar ki narka sukari gwangwani ɗaya ga riɗi gwangwani biyu, ki ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan don kada sukarin ya koma gari. Da ya zama ruwan zuma, ki juye riɗin ki juya da sauri, ki zuba a farantin da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba, ki yanka tun da ɗuminsa. In ya huce ba ya yankuwa, sai dai ya farfashe. In kina da mazarƙwaila, wadda ita ma lokacinta ke nan, kantun ya fi ƙamshi, ko da yake ba ya yin ƙarau kamar na sukari.

Alkaki da dubulan da cincin ba sai an koya wa kowa ba, kuma suna da kyau, amma suna cin fulawa ko alkama da mai da sukari, duk na saye. In kuɗi ya yi kaɗan, a bar su ga baƙin da za su zo gida.

Zoɓo, amma busasshe

Ga wani abin da zai ba ki mamaki. Zoɓon nan da ake shukawa a gefen gona don ya raba iyaka, shi ne abin shan Kirsimeti a Jamaika da Tirinidad. Suna jiƙa shi da citta da kanumfari kamar yadda muke yi, kuma a wurinsu biki bai cika ba in babu shi a tebur. Meziko kuma na sayen zoɓon Jigawa da Kano da Katsina da yawa. Mu ne muka raina shi don muna ganinsa a bakin hanya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a dafa, a ɗura a robobi, a aika. Inda babu firiji, dafaffen zoɓo mai sukari ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai ya fara tsami yana kumfa, kuma ranar biki kowane gida ya riga ya dafa nasa. Ki aika da shi busasshe. Ki zaɓi mai duhun ja, ki kakkaɓe ƙura da yashi, ki ƙulla cikin tafin hannu uku tare da busasshiyar citta da aka farfasa, kanumfari kaɗan da busasshen ɓawon abarba ko na lemo in akwai. Wanda aka ba zai dafa ranar da ya ga dama, ko da a sabuwar shekara ne. Zoɓo na sauke hawan jini, don haka wanda ke shan maganin hawan jini da mai juna biyu su sha kaɗan.

Tsofaffi, masu jego da gwauraye

Akwai gidajen da kayan zaƙi ba shi ne buƙatarsu ba. Tsohuwar da haƙora suka zube, da mai jegon da ta haihu cikin sanyin nan, da gwauruwar da ke riƙe da marayu, abin da zai fi yi musu amfani shi ne garin kunu. Ki surfa gero, ki wanke, ki shanya tare da citta da kanumfari da ɗan masoro, ki kai niƙa, ki tankaɗe. Ki ɓare tsamiya ki cire zaren, ki dunƙula ta ƙanana, kowane dunƙule na damu ɗaya. Gari a leda ɗaya, tsamiya a ɗaya, a ɗora a faifai. Duk safiyar da ta dama kunun nan cikin sanyi za ta sa miki albarka.

In gidan akwai yaron da ake shirin yayewa, ki ƙara wa garin ƙarfi: gero ko dawa kashi uku, waken suya kashi ɗaya, tsintacciyar gyaɗa kashi ɗaya, a soya kowanne daban kafin a haɗa a niƙa. Waken suya na son suya sosai har ƙarnin ya fita, in ba haka ba yana ɓata ciki. Saboda man gyaɗar da ke ciki, wannan garin ba ya son dogon ajiya, don haka a yi daidai na mako biyu zuwa uku. Kuma kada a sa zuma a kunun jaririn da bai cika shekara ba.

Gidan mai bishara na ƙauye ma a nan ya kamata a sa shi. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, baƙi kuma ba sa yankewa a gidansa duk makon biki. Matarsa za ta fi murna da garin kuka da kika daka kika tankaɗe, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa mai kyau, a kan kwalin biskit da yara za su cinye kafin a tashi daga sujada.

Abin da hunturu ke nema

Disamba wata ne na faso da kaushi da tsagewar leɓe. Man kaɗe na zuwa mana ne galibi daga Neja da Kwara da Kebbi, ana samunsa a dunƙule a kasuwannin ƙauye. Ki sa kashi uku a kwano, ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta don yana ƙonewa ya yi wari. Ki tace da tsumma mai tsabta, ki zuba man kwakwa ko man riɗi kashi ɗaya, ki bari ya fara daskarewa, sannan ki buga da cokali ko maburgi har ya yi fari ya yi laushi. Ki zuba a ƙananan robobin man shafawa da suka ƙare, bayan kin wanke su sun bushe. Ɗigon turare biyu ya isa na manya. Na jarirai a bar shi haka nan. Don Allah kada a matsa masa man bilicin ko wani maganin shafawa na bututu da sunan ƙarin kyau, ba ki san fatar wanda zai shafa ba.

Mai iya saƙa da kwarashi kuma ta fi kowa sa'a. Ƙullin zaren ulu ɗaya na fitar da hular jariri har da ragowa, kuma hira biyu ta dare ta isa. In zare ya yi tsada, tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo da ta yage a warware ta, a jiƙa zaren a ruwan ɗumi ya miƙe. Ƙyallayen da tela ke sharewa a wannan wata, lokacin da ɗinki ya yi masa yawa, su ma dukiya ne. Ki roƙa tun farkon wata. Ana haɗa su a yi jakar Littafi Mai Tsarki ko ta littafin waƙoƙi, ko jakar makaranta da yaro zai rataya a Janairu.

Ga 'yan mata da amare, lallen da ke shingen gona ya wadatar. A tsinko ganyen, a shanya a inuwa don kada launinsa ya mutu, a daka a tankaɗe da rariya mai laushi. Shi jan lalle na gida lafiya lau ne. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi shi ne ke sa wa wasu ƙuraje da ƙuna a fata, a nisance shi.

Tun da an zo maganar shinge, bari in ɗan ratse. A Linjilar Matiyu sura ta 2 an ambaci kyautai uku da masanan gabas suka kai wa jariri Yesu: zinariya, lubban da mur. Biyun ƙarshe ƙaron itatuwa ne masu ƙamshi, kuma danginsu na nan tare da mu. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da ke fitowa a wuraren duwatsu, ɗan gidan itacen lubban ne, kuma tun da can ana turara ɗaki da tufafi da ƙaronsa. Dashi da ake kafawa a shinge kuwa ɗan gidan itacen mur ne. Malamar makarantar Lahadi da ta kawo wa yara ɗan ƙaron hano a takarda, ta sa a garwashi su shaƙa, ta ba su abin da ba za su manta ba, kuma ko sisi ba ta kashe ba.

A bar yara su yi nasu

Motar roba ta kasuwa ba ta kai sabuwar shekara. Kara kuwa ga shi nan tuli a bayan kowane gida. Yaran ƙauye sun fi mu sanin yadda ake fere ɓawon kara a soka a totuwa a yi mota da jirgi da tabarau. Abin da suke buƙata shi ne a ce musu wannan karon don ƙaninka za ka yi, ko don ɗan maƙwabta, sai ki ga an ƙara ƙoƙari. 'Yan mata su ɗinka 'yar tsana da ragowar ƙyalle, a cusa mata auduga ko tsumma, a zana ido da zare maimakon maɓalli, don ƙananan yara na cirewa su haɗiye. Reza da wuƙa dai a hannun babba.

Mazubi

A nan ne kyauta mai kyau ke lalacewa, wani lokaci har ta zama cuta. Bayan damina kowane gidan manomi na da robobin maganin feshi da suka ƙare, masu kyan gani da murfi mai ƙarfi. Kada a kuskura a zuba mai ko yaji ko zoɓo a cikinsu, ko sau nawa aka wanke, domin roba na shan maganin. Haka buhun taki bai dace da shanya gari ba. Takardar jarida ma kada a naɗe soyayyen abu da ita, tawadar na narkewa cikin mai.

Abin da ya dace yana nan a gida: kwalbar Bama da ta ƙare, gwangwanin madara mai murfi, farar leda sabuwa. A tafasa kwalabe a kife su a rana su bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya na iya ɓata yaji. A yanka ƙyalle mai kyau a rufa a kan murfin a ɗaure da zare. Wadda ta iya saƙar kaba ta yi ƙaramin faifai ta ɗora kayan a kai, faifan kansa ya zama kyauta ta biyu, kuma shi zai fi daɗewa.

Kuɗin inji da itace na raguwa sosai in an haɗa hannu. Mata biyar na Zumuntar Mata, ko na gida ɗaya, su tsayar da rana: wannan ta kawo gyaɗa, waccan riɗi, wata gero, a yi suya a wuta ɗaya, a kai niƙa sau ɗaya, a raba. Kowacce za ta koma da kala uku maimakon ɗaya. Sharaɗin kawai a auna abin da kowa ta kawo a gaban kowa tun farko, don kada zumunci ya ɓaci a kan gwangwanin riɗi.

Ƙetaren katanga

Yawancin gidajen da za a aika wa a waɗannan ƙauyuka na Musulmi ne, kuma nan ake son hankali. Maganar nama ita ce mai wuya, shi ya sa gidajen Kiristoci da dama a Arewa ke kiran maƙwabci Musulmi ya yi musu yanka, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Kyaututtukan da aka lissafa a sama ba su da wannan damuwar. Ƙuli da kantu da garin kunu da man kaɗe babu wanda zai tambayi wa ya yanka.

Duk da haka, malaman Musulunci sun sha bamban kan karɓar abin da aka aiko saboda bikin wani addini. Wasu maƙwabtan za su karɓa har su aiko yara yawon barka, wasu kuma za su ba da haƙuri. Wadda ta ba da haƙuri ba ƙin ki ta yi ba, abin da aka karantar da ita take bi, kuma ita ce gobe za ta riƙe miki jariri in za ki rijiya. In kin san halin gidan, ki kai musu kwalbar yajin tun tsakiyar wata ko bayan sabuwar shekara a matsayin ɗanɗanon kaka, babu wanda zai ji nauyi. Ke kuma maƙwabciya Musulma da ke son rama alheri, man hunturu ko hular jariri ba su da ranar da aka ƙayyade musu.

Wajen tsara lokaci, a fara da abin da ba ya lalacewa. Makon farko na Disamba na saƙa da ɗinki da lalle da tara kwalabe ne. Mako na biyu a haɗa man kaɗe, a ƙulla zoɓo, a daka kuka. Ƙuli da yaji da garin kunu su zo a mako na uku, kantu kuma kwana biyu ko uku kafin biki, a rufe shi sosai don tururuwa. Kada a bar niƙa sai ranar 24 ga wata, layin inji a ranar sai wanda ya gani.

Ranar rabo, yara ne 'yan aike. A gaya wa kowanne sunan gidan da zai je da abin da zai faɗa, ya durƙusa ya gaida manya kafin ya miƙa, in an ba shi tukwici ya karɓa da hannu biyu. Kwalba da faifai na wanda aka kai wa ne, amma in kin haɗa da shinkafa a kwanon samira, ki ɗiga jan farce a gindinsa ko ki ɗaura zare a hannun murfin, domin kwanoni da yawa ne ke yawo a gari ranar 25 ga wata, kuma duk a kasuwa ɗaya aka saye su.